Waiwaye: Garage Inc. da gardamar waƙar aro

Wata Asabar da dare muna fada a Bukoki, an sha shayi na ɗaya ana jiran na biyu, sai ƙanen wani abokina ya kunna "Whiskey in the Jar" daga salularsa. Yaron bai wuce shekara 20 ba, kuma kwanan nan son Metallica, wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, ya kama shi, irin kamun sabon shiga wanda ba ya jin kira. Ya ce duk cikin waƙoƙinsu babu kamar wannan. Na ce masa ai waƙar ba tasu ba ce, ta girmi kakannin kakanninsu. Ya yi shiru yana duban salular, can ya ce, "Yaya, ashe aro suka yi? To ai kayan aro ba ya rufe katara."

Bai sani ba, maganar da ya yi ita ce masoya wannan ƙungiya suke ja a kanta tun watan Nuwamba na 1998, lokacin da kundin Garage Inc. ya fito. Faifai biyu ne, waƙoƙi 27, sama da awa biyu, kuma babu ko ɗaya da ƴan Metallica suka ƙirƙira da kansu. Mu masu sauraron hebi metal a Yamai ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Kiɗa ne na gita mai kurari da ganguna masu gudu, wanda iyayenmu ke kira hayaniya. Amma gardamar da ke cikin wannan kundi ta shafi har wanda bai taɓa jin sa ba, shi ya sa na ga ya dace a koma tushenta.

Tushen yana 1981. Lars Ulrich, ɗan ƙasar Danmak mai shekara 17 da iyayensa suka koma Kalifoniya da zama, ya haukace a kan wani sabon salon metal da ya ɓullo a Ingila. A shekarar ya tsallaka teku don kawai ya ga wasan wata ƙungiya mai suna Diamond Head, ƴan garin Stourbridge, har ya yi makonni yana zaune tare da su. Da ya koma Los Angeles sai shi da James Hetfield suka kafa Metallica, shi a kan ganguna, Hetfield a bakin waƙa da gita. Wasansu na farko, ranar 14 ga Maris 1982 a garin Anaheim, mafi yawan abin da suka kaɗa na wasu ne, Diamond Head a kan gaba. Ga wurin da ya kamata a tsaya: a wancan lokacin ba su faɗa wa jama'a cewa waƙoƙin na wasu ne. Ba su ce nasu ne ba, ba su kuma ce ba nasu ba ne. Kusan babu wanda ya san waɗannan ƙungiyoyin Ingila a Kalifoniya, don haka shirun ya yi musu rana. Wato da irin abin da nake kuka da shi a nan gida suka fara, aro ba tare da faɗin sunan mai abu ba.

Sun gyara da wuri. A 1984, a bayan faifan "Creeping Death", suka saka "Am I Evil?" ta Diamond Head da "Blitzkrieg" ta ƙungiyar da ke da wannan suna, da sunayen masu su a rubuce. Suka kira wannan ɓangare Garage Days Revisited, wato komawa kwanakin gareji, don a gareji samarin can suke koyon kiɗa, kamar yadda namu ke koyo a zaure ko bayan gida.

Sai mutuwa ta shigo. Ranar 27 ga Satumba 1986 motar da ke ɗauke da su ta kife a Suwidin, mai kaɗa musu gitar bas, Cliff Burton, ya rasu yana da shekara 24. Suka ɗauki Jason Newsted a madadinsa. Mutanen da ke cikin makoki, ga baƙo a tsakaninsu, ba su iya zama su tsara sababbin waƙoƙi nan take ba. Sai suka gyara garejin gidan Ulrich, suka koma kan waƙoƙin da suka tashi da su, suka naɗi ƴan kaɗan cikin kwanaki. A watan Agusta na 1987 ƙaramin faifan ya fito, kuma kuɗinsa ne sunansa: The $5.98 E.P. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Sun saka farashin a sunan ne don kada ƴan kasuwa su tsawwala wa masoya. Sauti ne ɗanye, ba a goge kurakuransa ba, kuma har yau akwai tsofaffin masoya da ke cewa ba su taɓa jin ƙungiyar a sake kamar a wannan faifai ba. Daga baya aka daina buga shi, ya yi wuya, masu tara faifai suka riƙa sayensa da tsada. A wannan zango babu mai cewa aro abin kunya ne. Har lambar yabon kiɗa ta Amurka, Grammy, suka samu a 1991 da "Stone Cold Crazy", wadda asalinta ta ƙungiyar Queen ce tun 1974.

To me ya canza kafin 1998? Ƙungiyar ce ta canza, ko kuma a ce girmanta. Kundinsu mai baƙin bango na 1991 ya sayu fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai, ya fitar da su daga hannun ƴan tsirarun da suka rene su ya kai su gidan kowa. Sannan kundayen Load a 1996 da Reload a 1997 suka zo da kiɗa mai sanyin gudu, mutanen suka aske dogon gashinsu, suka canza sutura. Ga wanda ke nesa, aski ba abin magana ba ne. Ga masoyin metal na wancan zamani kuwa, gashin nan alamar dangi ce, kamar zane a fuska. Da yawa suka ce an sayar da su. Cikin wannan fushi Garage Inc. ya sauko, da hoton mutum huɗu cikin kayan kanikawa a bangonsa.

Faifai na biyu bai sha suka sosai ba, don tsofaffin abubuwan ne aka tattara: na 1984, na 1987, da waƙoƙi huɗu na Motörhead da suka naɗa a 1995 suna shirin bikin cikar Lemmy, jagoran Motörhead ɗin, shekara 50. Ƙorafin da ya biyo shi na masu tara faifai ne, waɗanda abin da suka saya da tsada ya koma hannun kowa. Faifai na ɗaya ne ya tada ƙura. Waƙoƙi 11 ne sababbin naɗi, an yi mafi yawansu cikin kamar mako uku tare da mai tsara musu sauti, Bob Rock, mutumin da masu fushin ke ɗora wa laifin laushin Load. A ciki akwai abin da kowa ya zata, irin su Black Sabbath da Misfits da Discharge, da wani haɗi na minti 11 daga waƙoƙin Mercyful Fate. Wannan na ƙarshen, ina yaba hannun masu gitar, amma kalmominsa ba su shiga kunnena, kuma ba na kunna shi a gidana. Sai dai kusa da su ga "Turn the Page" ta Bob Seger, ga "Tuesday's Gone" ta Lynyrd Skynyrd, ga "Loverman" ta Nick Cave, waɗanda babu mai kiransu metal.

Masu tsattsauran ra'ayi suka ce ga shaida, mutanen sun manta gida. Wasu suka ce rijiyar ce ta ƙafe, ba su da sabon abin faɗa, sai suka ɗauko na mutane don su cika aljihu kafin ƙarshen shekara. Amma kasuwa ta yi nata hukuncin daban. Kundin ya shiga jadawalin cinikin faifai na Amurka, Billboard, a matsayi na 2, "Turn the Page" ta mamaye gidajen rediyon rok na Amurka makonni da dama, "Whiskey in the Jar" kuma ta kawo musu wata Grammy a 2000. Abin da na fi so a labarin shi ne ƴan wasannin da suka yi a watan fitowar kundin: su suka kaɗa waƙoƙin aro zalla, suka kuma gayyato wata ƙungiya da sana'arta kwaikwayon Metallica ta buɗe fili da waƙoƙin Metallica ɗin.

Ni ina ganin masu sukar sun dubi wurin da bai fi muhimmanci ba. Sun tsaya kan ko waƙa kaza metal ce ko ba metal ba. Abin dubawa yana cikin ɗan littafin da ke tare da faifan, inda aka bi ƙungiyoyin nan aka faɗi su wane ne, daga ina suke, yadda aka yi Metallica ta san su. Bayan suna kuma ga kuɗi. Dokar Amurka tun 1909 ta ba kowa damar sake rera waƙar da ta riga ta fito, muddin zai biya marubucinta wani kaso da aka ƙayyade a kan kowane kwafi. A 1998 kason ya kai santi 7.1 na dalar Amurka a kowace waƙa. Ƙaramin abu ne a ido, amma a lissafa shi da miliyoyin kwafi. Waƙoƙin Diamond Head huɗu ne a Garage Inc. Ƙungiyar ba ta taɓa yin kasuwar da ta kai gwanintarta ba, kuma mai gitarta, Brian Tatler, ya sha faɗa a hirarraki cewa kason da ke zuwa masa daga Metallica ne ya riƙe shi. A 2020, da suka sake naɗar kundinsu na farko na 1980, sai suka saka "No Remorse" ta Metallica a ciki. Malami ya ari ta almajirinsa.

Gardamar ba ta Metallica kaɗai ba ce. Guns N' Roses sun sha tofin Allah tsine a 1993 da suka ɓoye waƙar Charles Manson, mutumin da a lokacin yake kurkuku saboda kisan kai, a ƙarshen kundinsu na aro. Slayer sun yi nasu na waƙoƙin salon punk a 1996. A 2021 kuma abin ya juyo kan Metallica: mawaƙa 53 suka sake rera waƙoƙin baƙin kundin, daga Miley Cyrus da Elton John har The Hu na Mongoliya, kuɗin ya tafi ga ayyukan agaji. Masoyan da suka ce Bob Seger bai dace da Metallica ba, su ne suka ce Metallica ba ta dace da bakin waɗannan ba.

Ita kuwa "Whiskey in the Jar" da yaron ke so, tata ta fi kama da tamu. Waƙar gargajiyar Ailan ce, labarin ɗan fashin hanya da mace ta ci amanarsa, ba a san wanda ya fara ta ba. Ƙungiyar Thin Lizzy ta Ailan suka sa mata gitar lantarki a 1972, kuma salonsu Metallica ta bi, ta kuma faɗa. Ko inda mai waƙa ya ɓace, an ambaci hannun da aka karɓa daga gare shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makaɗi ba ya faɗowa daga sama, daga amshi yake tashi. Musa Ɗanƙwairo ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin, kuma masu sauraro sun san wannan salsala. A Tawa, sunan Ɗan Gurmu aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa, wato an ɗaura sabon kiɗa a ƙugun tsoho da gangan. Abin da ya yanke igiyar, a ganina, hanyar da waƙa ke yawo ce a yanzu. A katin salula, daga bulutut zuwa bulutut, suna ne farkon abin da ke faɗuwa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda yau masoya gita mai ƙarfi a Amurka da Turai ke cika fili don su gan shi, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka ratsa Sahel a cikin salula, har sai da Ba'amurken da ya ji ɗaya daga ciki, mai kamfanin Sahel Sounds, ya yi cigiya kafin ya gano mai ita. Shi an same shi. Nawa ne ba a nema ba?

Abin yana ci mini rai a gidajen biki. Sai ka ji saurayi ya ɗauko karin wata tsohuwar waƙar goge ko ta gurmi, ya ɗora shi a kan piyano, ya saka sunayen amarya da ango, ana ta liƙa masa jika-jika, bakinsa bai ko taɓa sunan mai karin ba. Mai yiwuwa ɗiyan mamacin suna nan da rai a ƙauye, ba su san ana cin abinci da muryar ubansu ba. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a nan Yamai, kuma mawaƙin da ya yi rajistar aikinsa yana da inda zai kai kuka. Amma tsohon da ya rasu ba a taɓa naɗar muryarsa da kyau ba, takarda ba za ta cece shi ba, sai dai bakin wanda ya ara. Ba na cewa a daina aro. Da babu shi, da rabin abin da muke rawa da shi ya bi masu shi kushewa. Faɗin suna kafin a fara ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar.

Bayan mako guda yaron ya dawo fada. Ya sauke ta Thin Lizzy, ya sauke Diamond Head, ya ce har yanzu ta Metallica ta fi yi masa daɗi, na ce wannan tsakaninsa da kunnensa. Sai ya kunna wata waƙar biki da ake yayi a unguwa, ya ce, "Yaya, wannan fa, ta wa ce asali?" Na san karin tsoho ne, amma a nan sanina ya tsaya. Muka tsallaka titi wurin wani dattijo Ba'adare mai gadin shago. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah saurara mana wannan." Ya saurara sau biyu, yana kaɗa kai. Ya ce ya san karin tun yana yaro a Tawa, da goge ake yin sa, sai dai sunan mai shi ya kwanta masa. Ya ce mu dawo bayan Salla, ƙanwarsa za ta zo daga gida, ita ba ta da mantuwa.