Waiwaye: Ranar da gidajen talabijin namu suka koma sayar da lokaci

Duk sanda aka taso da maganar makomar gidajen talabijin na gwamnati a Arewa, ko a gyara su ko a sayar, sai a ɗora laifi kan tauraron ɗan Adam da wayar hannu da YouTube. Wai su suka kwashe masu kallo. Sun kwashe ɗin, babu musu, amma ciwon ya girme su nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Ibadan ta buɗe tasha a 1959, Inugu a 1960, Kaduna a 1962. A 1977 aka haɗe su duka a inuwar NTA, sannan tsarin mulkin 1979 ya sake buɗe wa jihohi ƙofa, har Kano ta kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A lokacin tasha tana da marubutanta, da masu ɗaukar hoto, da 'yan wasa, har da kafintocin haɗa dandali. Ta nan Samanja da Karkuzu suka shiga gidajenmu. Ina tuna muna yara, mun cika zauren maƙwabcinmu bayan sallar isha'i, akwatin baƙi da fari a kan teburi, wani yana waje yana juya sandar eriya, mu kuma muna ta ihun ya tsaya haka nan, hoto ya fito.

Inda ba a cika tsayawa a duba ba shi ne ƙarshen shekarun 1980. Farashin man fetur ya faɗi, an shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, alhali kyamara da kaset da kayan gyara duk daga waje ake sayo su. A 1988 doka mai lamba 25 ta sanya gidajen rediyo da talabijin na tarayya cikin hukumomin da za su riƙa nemo wani kaso na kuɗin tafiyar da kansu. Na jihohi ma da wuya ta yi wuya suka bi sahu. To me gidan talabijin yake da shi na sayarwa? Lokaci kawai.

Daga nan lissafi ya juye. A da tasha ce ke fitar da kuɗi ta shirya wasa. Yanzu mai shiri ne zai zo da kuɗinsa, ko da mai ɗaukar nauyi, ya sayi rabin awa. Manyan masu talla kuwa a Legas suke, idonsu na kan shirin da za a gani a faɗin ƙasa, ba wasan Hausa na jiha guda ba. Shirin manoma, na yara, na yaƙi da jahilci, wa zai ɗauki nauyinsu? Abin da ya fi ci mini rai, har labarai suka shiga kasuwa. Mai bikin naɗin sarauta zai biya a ɗauke shi, ƙauyen da rijiyarsa ta ƙafe ba shi da abin biya, saboda haka babu shi a labaran dare. Wani tsohon ma'aikaci ya taɓa shiga da ni ɗakin ajiyar wata tasha, ya zaro kaset guda ya miƙo mini. Sunayen shirye-shirye uku ne a jikinsa, biyu an soke su da biro. Babu kuɗin sayen sabo, sai aka riƙa naɗar sabon shiri a kan tsoho.

Masu basira ba su zauna jiran tsammani ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wasan Hausa ya kama hanyar kasuwa. A 1992 aka halatta tashoshi masu zaman kansu. Da Arewa24 ta zo a 2014, karɓuwar da ta samu ta nuna masu kallo suna nan, abin kallon ne ya yi ƙaranci.

Yanzu ana sa rai da tsarin dijital da aka fara gwadawa a Jos a 2016. Zai ƙara yawan tashoshi, hoto ya yi tangaran, amma bai ce komai ba game da wanda zai biya marubuci da ɗan wasa. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci kuɗin lasisin rediyo da talabijin cikin abin da ƙananan hukumomi ke karɓa, sai dai bai shata hanyar da kuɗin zai bi ya isa tashar da ke haɗa shirin ba.