Tasirin Koci a Nasarar Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa

Koci, ko babban mai horarwa, shi ne wanda alhakin zaɓen 'yan wasa da tsara atisaye da tsarin taka leda da canjin ɗan wasa ana tsaka da fafatawa ya rataya a wuyansa. A Ingila an daɗe ana haɗa masa har da ikon saye da sayar da 'yan wasa, alhali a yawancin ƙungiyoyin sauran ƙasashen Turai wannan aiki na daraktan wasanni ne, kuma wannan bambanci yana cikin dalilan da suka sa auna tasirinsa yake da wuya.

Masana tattalin arziƙin wasanni, irin su Stefan Szymanski, sun nuna cewa a gasannin Ingila yawan albashin da ƙungiya take biya shi ne ya fi komai nuna matsayin da za ta ƙare a teburi idan aka duba shekaru masu yawa, domin kuɗi ne ke kawo ƙwararrun 'yan wasa. Sun kuma lura cewa farfaɗowar da ake gani bayan korar koci ba lalle ba ne aikin sabon da aka kawo, tun da galibi ana sallamar mutum ne a lokacin da ƙungiya take cikin mafi munin yanayinta, wanda ko ba a yi komai ba da wuya ya dore.

Duk da haka, akwai misalan da lissafin kuɗi bai isa ya bayyana su ba. Alex Ferguson ya jagoranci Manchester United daga 1986 zuwa 2013, ya ci gasar Firimiya sau 13 da Kofin Zakarun Turai sau 2. A kakar da ta biyo bayan ritayarsa, kusan da 'yan wasan da ya bari, ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 7. Leicester City kuwa, wadda ta ƙare ta 14 a 2015, ta ɗauki kofin a 2016 a hannun Claudio Ranieri, sai dai a Fabrairun 2017 aka sallame shi ƙungiyar tana fuskantar faɗawa rukuni na ƙasa, abin da masu shakkar tasirin koci su ma suke kafa hujja da shi.

Hannun mai horarwa ya fi fitowa fili a gasannin ƙasashe, inda ba a sayen ɗan wasa kuma 'yan wasanni kaɗan ne ke raba gardama. Stephen Keshi, kocin Najeriya a lokacin, ya tafi Gasar Kofin Afirka ta 2013 da 'yan wasan cikin gida da dama duk da sukar da ya sha, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ne ya ci ƙwallon da ta bai wa Najeriya kofin a kan Burkina Faso. Hervé Renard ya lashe gasar da Zambiya a 2012, ya sake lashe ta da Kwaddibuwa a 2015. Ita Kwaddibuwar, a gasar da ta karɓi baƙunci a farkon 2024, ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta da ci 4 da nema, ta miƙa riƙon ƙwarya ga mataimakinsa Emerse Faé, wanda ya kai ta wasan ƙarshe ya doke Najeriya da ci 2 da 1 a Abidjan.