Awon gudun jini a fata: abin da yake nunawa game da jijiyoyin da maganin cutar kansa (ciwon daji) ya taɓa

Wane irin lahani maganin kansa ke yi wa jijiyoyi?

Sai an fara raba kalmar, domin a Hausa jijiya ɗaya ce, ta jini da ta saƙo. A nan jijiyar saƙo ita ce zaren da ke kai labarin taɓawa, zafi da sanyi daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Wadda jini ke bi kuwa za mu kira ta magudanar jini.

Magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin kansa, da suka fi taɓa jijiyoyin saƙo su ne faklitaksel da dosetaksel, waɗanda ake yawan bayarwa a kansar mama, sai sisfilatin da oksalifilatin, sai binkiristin da botezomib. Zaruruwa mafi tsawo su ke fara jin jiki, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa, daga baya ya kama hannu. Mutum zai ce ƙafarsa ta mutu, ko kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa na raɗaɗi da dare. Wani ya kasa ɓalle maɓallin riga, wata takalmi ya fita daga ƙafarta ba ta sani ba. Oksalifilatin yana da nasa hali: sanyi ke tayar da shi, har shan ruwan sanyi kan shaƙe maƙogwaro. Wani babban nazari da mujallar Pain ta buga a 2014 ya samu matsalar a kashi 68 cikin 100 na marasa lafiya a watan farko bayan kammala kemo, kashi 60 bayan wata uku, kashi 30 bayan wata shida ko fiye.

To ina ruwan gudun jini da jijiyar saƙo?

Jijiyoyin saƙo manya ne da ƙanana. Manyan suna ɗauke da jin girgiza da sanin inda ƙafa take, kuma su kaɗai gwajin da ake yi da wutar lantarki ke iya aunawa. Ƙananan, masu ɗaukar zafi da raɗaɗi, sun fi ƙarfin wannan gwaji saboda sirantarsu. Don haka mutum na iya kwana yana kuka da ƙafa, a yi masa gwajin lantarki a ce lafiyarsa ƙalau.

Sai dai ƙananan nan suna da wata ɗabi'a. Idan zafi ya taɓa reshe ɗaya, saƙon yakan nufi laka, amma a mararrabar rassa wani ɓangarensa yakan juyo ya bi sauran rassan zuwa fatar da ke kewaye. A can bakin zaren sai ya saki sinadarai da ke buɗe ƙananan magudanan jini, fata ta yi ja a wurin da zafin bai ma taɓa ba. Wani likitan Birtaniya, Thomas Lewis, ya bayyana wannan ja a shekarun 1920. Faɗin jan ya dogara da yawan zaruruwan da ke raye da yadda suke aiki. Idan magani ya cinye su, sai da'irar ta tsuke. Ke nan jini ake aunawa, amma labarin jijiya ake nema.

Yaya na'ura ke ganin jinin da ke ƙarƙashin fata?

Da hasken leza mai rauni, wanda ba ya ƙuna. Hasken na shiga fata kimanin milimita ɗaya. Abin da ya faɗa kan naman da ke tsaye yana dawowa yadda ya shiga, wanda kuwa ya faɗa kan jajayen ƙwayoyin jini masu tafiya sai ya dawo da ɗan sauyi. Irin sauyin ne ake ji a jiniyar motar asibiti, sautinta daban idan tana zuwa, daban idan ta wuce, abin da Christian Doppler ɗan Ostiriya ya bayyana a 1842. Na'ura na haɗa yawan ƙwayoyin da saurinsu ta ba da lamba. Lambar ba mililita ba ce, ma'aunin kwatance ne kawai, don haka ba a gwama ta wannan na'ura da ta waccan kai tsaye.

Na'urorin iri uku ne. Akwai mai kai ɗaya da ake mannawa a fata, tana bin sauyi daƙiƙa bayan daƙiƙa amma a ɗigo ɗaya tak, kuma da an matsar da ita kaɗan lamba ta canza. Akwai mai share fili da haske ta zana taswira mai launi, ita ce ta dace da awon faɗin ja, sai dai tana ɗaukar mintuna. Ta uku kyamara ce mai karanta ƙyalƙyalin leza, tana da sauri amma ba ta nutsawa sosai. Kamfanonin Moor Instruments na Ingila da Perimed na Suwidin suna cikin fitattun masu ƙera su.

Yaya ake gudanar da gwajin?

A kwantar da mutum a ɗaki mai digiri 22 zuwa 24, ya huta minti 20 zuwa 30 ƙafa a buɗe. A auna hawan jininsa da ɗumin fatar, a ɗauki hoton farko kafin a taɓa komai. Sannan a ɗora ƙaramin faifan ɗumamawa, mai faɗin kusan santimita ɗaya, a bayan ƙafa, a kauce wa manyan magudanan jini, tabo da gashi. Hanyar da likitocin ciwon suga suka fito da ita a asibitin Ipswich na Ingila a 2004 ita ce a riƙe digiri 44 na minti 20. Daga baya suka gajarta ta, ana hawa daga 44 zuwa 47 cikin minti 6. Da an ɗage faifan sai a yi hoto nan take, kwamfuta ta lissafa faɗin wurin da jini ya ƙaru a murabba'in santimita.

Wasu maimakon zafi sukan tura sinadarin histamin ko asetilkolin, masu tsokanar jijiya, cikin fata da ƙaramar wutar lantarki, wasu su shafa sinadarin yajin barkono. Manufar ɗaya ce, a tsokani zaren a ga iyakar inda amsarsa ta kai.

Idan jan ya tsuke, ta yaya za a san jijiya ce ba magudanar jini ba?

Wannan ce tambayar da ke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Kemo na iya taɓa magudanan jini su kansu, haka ma suga, hawan jini, taba da tsufa. Maganin rikicin shi ne a karanta wuri biyu. Ƙarƙashin faifan, zafi ne ke buɗe magudanai kai tsaye, don haka lambar wurin na nuna lafiyarsu. Da'irar waje kuwa aikin jijiya ce. Idan tsakiya ta buɗe sosai amma da'ira ta tsuke, jijiya ake zargi. Idan duka biyun sun yi ƙasa, ba a yanke hukunci.

Mai amfani da na'ura mai kai ɗaya yana iya yin irin wannan rarrabewa ta bin lokaci. Idan aka ɗumama fata zuwa digiri 42, jini na yin tashin farko cikin minti biyar, wanda yawancinsa na jijiya ne, ya ɗan sauka, sannan ya sake hawa ya daidaita bayan minti 20 zuwa 30, wanda yawancinsa aikin bangon magudanai ne. Ana raba lambar da matsakaicin hawan jini, don kada tashin hawan jini ya yi kama da buɗewar magudanai.

Me ya fi ɓata awo?

Motsi. Ko yatsa mutum ya motsa, ko ya yi tari ko dogon numfashi, sai layi ya yi tsalle. Sanyi ma haka: ƙafar da ta sha hunturu a hanya magudananta a tsuke suke, ba a fara komai sai ta ɗumama. Kofi, shayi, goro da taba a bar su tun sa'o'i kafin gwaji. Maganin mura ko ƙaiƙayi mai toshe histamin yana rage ja, man shafawa mai sagar da fata kuwa yana kashe amsar jijiyar gaba ɗaya. Kumburin ƙafa, wanda dosetaksel kan jawo, yana canza abin da haske ke ratsawa. Kuma dole a tambayi tarihin suga, barasa, ƙarancin bitamin B12 da maganin tarin fuka, domin duk suna lalata waɗannan zaruruwa tun kafin kemo.

Yana aiki a baƙar fata?

Yana yi, har ma a nan na'ura ta fi ido amfani, tunda jan ba ya fitowa sarai a fata mai duhu. Amma launin fata na shanye jan haske, shi ya sa leza mai hasken da ya ɗan wuce ja (nanomita 780) ta fi mai jan haske (nanomita 633) dacewa. Lalle shi ma launi ne da ke tsakanin haske da jini, sai a zaɓi wurin da bai taɓa ba. Man bilicin mai sitiroyid yana tsuke magudanan fata, a tambaya kafin a fara. Mafi aminci shi ne a auna mutum kafin zagayen kemo na farko, a riƙa gwama shi da kansa a wuri ɗaya, maimakon jadawalin da aka tattara daga Turawa.

An gwada shi a kan masu shan kemo? Zai canza musu magani?

An gwada. Ƙungiyar Ipswich ta wallafa ƙaramin bincike a 2015 inda faɗin jan ya ragu a masu alamun lahanin, ya kuma tafi daidai da tsananin abin da suka faɗa da bakinsu. Mutanen 'yan kaɗan ne, don haka gwajin yana nan a matsayin kayan bincike. Gwajin da ake gwama shi da shi shi ne yankar ɗan fata mai faɗin milimita 3, santimita 10 sama da idon sawu, a ƙirga zaruruwa a madubin likita. Wannan na ƙirga adadi ne, awon jini kuma na nuna aiki, kuma ana iya maimaita shi kowane zagaye ba tare da rauni ba.

A ɗakin kemo kuwa, har yanzu abin da majiyyaci ya faɗa shi ke sa likita rage magani, jinkirta shi ko canza shi, tare da gwajin taɓawa da ƙarfen girgiza mai bugu 128 a daƙiƙa. Babu maganin rigakafi da aka tabbatar, kuma maganin dulokzetin ne kaɗai ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ba da shawararsa don raɗaɗin. Mai shan sisfilatin ko oksalifilatin ya sani cewa alamun na iya ci gaba da ƙaruwa 'yan watanni bayan allurar ƙarshe, don haka sagewar yatsa ta farko a gaya wa likita kafin zagaye na gaba.