Mene ne diyorama, kuma yaya ake gina ta bakin ruwa?

Diyorama ƙaramin wuri ne da ake ginawa a kan allo, a ƙanƙanta komai bisa ma'auni ɗaya: gini, ƙasa, ruwa da mutane. Kalmar ta fito ne daga Faransa, inda wani mai zane, Louis Daguerre, ya buɗe gidan kallon zane mai wannan suna a birnin Faris a 1822. Yau masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa da masu gidajen tarihi suna cikin masu yawan amfani da ita.

Ma'aunin shi ake kira sikeli. Idan aka ce 1:87, wanda masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa ke kira HO, ana nufin a raba kowane tsawo na gaske gida 87. Mutum mai tsayin mita 1.75 zai koma kusan milimita 20. A nan ne masu koyo suke tuntuɓe, domin ido yana ruɗi, rula ba ta yi.

A ɗauki misalin gadar katako inda kwale-kwale ke tsayawa, wadda za a gina daga tushe ba tare da sayen kayan haɗi ba. Dirka mai kaurin santimita 30 za ta zama milimita 3.4, don haka tsinken tsire ya yi daidai. Falankin da ake takawa mai faɗin santimita 20 zai koma milimita 2.3, sai a tsaga shi daga katako marar nauyi irin balsa da reza. A rina katakon kafin a sa gam, da ɗigon baƙar tawada kaɗan cikin sipirit. Duk inda gam ya taɓa, rini ba ya kamawa, sai ka ga fararen tabo a kowace mahaɗa. Ƙasan dirkokin kuma a ƙara musu duhu da ɗan kore, duka a tsayi ɗaya, alamar inda ruwa ke kaiwa.

Ruwan shi ne mai wahala. Zurfinsa fenti ne ke nuna shi: baƙi-baƙi a tsakiya, yana washewa zuwa launin ruwan ƙasa wajen gaɓa. Bayan fentin ya bushe sarai, a kafa dirkoki, a toshe kowace kafa da gam, a kewaye gefen allon da salatif, sannan a zuba rezin mai haɗi biyu, wato wani ruwa garai-garai da ake haɗawa daga sinadari biyu, ya daskare kamar gilashi. Rezin kan bi ko hudar allura ya tsiyaye kan tebur cikin dare. A zuba shi da kaurin milimita 3 a kowane zubi, a bar shi kwana guda. Mai gaggawa da ya kwarara santimita biyu lokaci ɗaya, rezin zai ɗau zafi, yana iya narkar da soson roba, idan da shi aka gina ƙasan kogin, ko ya tsage. Kumfa idan ta taso, a hura mata iska a hankali ta bututun shan lemo. Kuma a tabbata allon yana zaune daidai, in ba haka ba kogin zai karkace.

Akwai wani aibi da ba ya gujuwa: rezin yana ɗan hawa jikin dirka. Ana ɓoye shi da ƙananan igiyoyin ruwa da ake ɗorawa da gam mai sheƙi da bakin buroshi, bayan zubin ƙarshe ya daskare. A kife kwali a kai har ya bushe, musamman lokacin hunturu, don ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen rezin ba ta fita.