Waiwaye: Masu AS, Palu da Sinadarin da Ke Kwashe Tarkacen Jini

Duk damina gardamar nan sai ta taso a fadojin Damagaram, musamman yanzu da ake yawan zancen gwajin jini kafin aure. Wani ya ce palu ba ya kama mai AS, wato wanda ya gaji jinin S na amosanin jini daga ɗaya cikin iyayensa kawai, wani ya ce ga 'yarsa can kwance a asibiti, ita ma AS ce. Zancen ya daɗe a hannun masana.

A 1954 Anthony Allison ya nuna masu AS sun fi tsira daga masassarar cizon sauro. A 1968, a Amurka, Tenhunen, Marver da Schmid suka gano him oksijines, sinadarin da ke farfasa him, wato jan abin da ke riƙe iska a ƙwayar jini. Yana mai da shi ƙarfe, da iskar kabon monoksaid, da launin da ke rikiɗa ya zama ɗorawar shawara. An daɗe ana yi masa kallon mai kwasar shara kawai.

Labarin da ba a cika tunawa ba ya fito ne daga Kanazawa ta Japan a 1999: yaro ɗan shekara 6, mutum na farko da aka tabbatar jikinsa ba ya yin nau'in him oksijines da ake kira HO-1. Tun yana shekara 2 masassara ke kai da kawowa, ga ƙuraje, hanta ta kumbura, ƙoda ta taɓu, girma ya tsaya. Ƙwayoyin jininsa na fashewa, amma launin shawarar da ake jira ya ƙi hawa, domin babu mai farfasa him ɗin. Ya taru yana cin bangon jijiyoyi, kumburi ya rasa mai tsayar da shi. Yaron bai rayu ba. A ganina daga nan ya kamata gardamarmu ta fara, domin palu da amosanin jini duk fasa ƙwayoyin jini suke yi, kuma wani ɓangare na ɓarnar daga tarkacen nan yake.

A 2007 masana a Fotugal suka nuna HO-1 na kare ɓeraye daga palu mai taɓa ƙwaƙwalwa. Kabon monoksaid ɗin da yake fitarwa ɗan mitsitsi ne. Ba kamar na gawayi a rufaffen ɗaki ba ne, wanda kisa yake yi. A 2011 suka ga ɓeraye masu jinin S sun fi yawan HO-1: ƙwayar cutar na shiga jikinsu kamar kowa, sai dai suna jure mata. Gwajin ɓeraye ne dai, kuma yaro mai AS da jikinsa ya yi zafi yana buƙatar gwajin palu a ranar.