Waiwaye: Mai fasfo biyu da bizar iyalinsa a Turai

Sean McCarthy mutum ne mai fasfo biyu, na Birtaniya da na Ailan, yana zaune da iyalinsa a Marbella, kudancin Sifaniya. Matarsa 'yar Kolambiya ce, kuma hukumomin Sifaniya sun ba ta katin zama a matsayin matar ɗan Tarayyar Turai. Suna da gida a Birtaniya, suna yawan kai da komo. Sai dai Birtaniya ta ƙi yarda da katin nan, ta ce sai matar ta nemi wata takardar izinin shiga mai wa'adin wata shida kacal. Duk sanda ta ƙare, sai ta niƙi gari zuwa Madrid, tafiyar sama da kilomita 500, ta cike takardu a kan aikinta da abin da take samu. An sha hana ta hawa jirgi don katin Sifaniya kaɗai ta nuna. Ƙarar da suka shigar ta kai gaban Kotun Tarayyar Turai da ke Luksembak, wadda ta ba su gaskiya ranar 18 ga Disambar 2014. Amma tushen rigimar ya girmi auren nasu da shekaru masu yawa.

Yarjejeniyar Roma ta 1957, wadda ita ce asalin Tarayyar Turai, ta ba ma'aikatan ƙasashe shida damar neman aiki a ƙasashen juna. Ba a jima ba aka gane cewa magidanci ba zai bar Italiya ya tare a Jamus ba in an ce matarsa da 'ya'yansa su tsaya a baya. Don haka a 1968 aka yi doka mai lamba 1612/68, wadda ta ce iyalin ma'aikaci su bi shi, ko 'yan wace ƙasa ce su. Tun daga nan aka ɗora ginin a kan wani tushe da har yau bai sauya ba: haƙƙin na wanda ya ƙetare iyaka ne, miji ko matar da suka zo daga waje kuwa albarkacinsa suke ci. Darajar auren kanta ba ita aka duba ba, motsin ma'aikaci aka so a sauƙaƙa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka gwada ƙarfin wannan tushe shi ne Surinder Singh, ɗan Indiya da ya auri 'yar Birtaniya a 1982. Sun yi aiki a Jamus daga 1983 zuwa 1985, suka dawo Birtaniya, auren ya lalace, hukuma ta nemi korarsa. A 1992 kotun Luksembak ta ce wadda ta fita ta yi aiki a wata ƙasar Tarayya, in ta dawo gida tana dawowa ne da haƙƙin da ta samu a can, har da na zama da mijinta. In ba haka ba, wa zai yarda ya fita? Sunan Singh ya zama sunan wata hanya da dubban ma'aurata suka bi daga baya, wato a fita wata ƙasar Tarayya a zauna, sannan a dawo gida tare. 'Yan Denmak ma sun yi irin ta. Da ƙasarsu ta kafa sharaɗi a 2002 cewa sai miji da mata sun cika shekara 24 kafin a shigo da na waje, matasa da dama suka haye gada suka kama haya a Malmo ta Suwidin, suna zuwa aiki Kopenhegan da safe suna komawa da yamma.

A 2002 kotun ta ƙara da cewa ba za a kora mutum daga bakin iyaka don ba shi da biza ba, matuƙar ya tabbatar da ko shi wane ne, ya kuma nuna shaidar aurensa da ɗan Tarayya. Bayan shekara biyu aka tattara duk waɗannan a doka guda, mai lamba 2004/38. Sashe na 5 ne zuciyar maganar tafiya. Ya ce miji ko matar da ke da katin zama na iyalin ɗan Tarayya ba sa buƙatar biza, wanda kuma bai samu katin ba tukuna a ba shi bizar kyauta, cikin gaggawa. Duk wanda ya taɓa tara takardun banki, ya biya Yuro 90, ya yi makonni yana jiran fasfonsa ya dawo daga ofishin jakadanci a Abuja ko Legas, ya san girman wannan rangwame.

Gwamnatoci ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Ailan ta ce sai wanda ya riga ya zauna bisa ƙa'ida a wata ƙasar Tarayya ne zai amfana. Waɗanda suka ƙalubalance ta 'yan Afirka ne da aka ƙi ba su mafaka, suka yi aure a can. Blaise Metock ɗan Kamaru ne, matarsa ma haifaffiyar Kamaru ce da ta samu fasfon Birtaniya ta je aiki Ailan. Cikin masu ƙarar akwai 'yan Najeriya, ɗaya matarsa Bajamushiya, ɗaya kuma 'yar Poland. A Yulin 2008 kotu ta rushe sharaɗin na Ailan, ta ce ba ruwan doka da inda aka ɗaura auren, ko yaushe, ko ta yadda mijin ya shigo. Ƙasashe da dama sun yi ƙorafi cewa an buɗe wa auren bogi ƙofa. Auren bogi yana nan, ba mai musu, kuma sashe na 35 na dokar ya ba hukuma ikon bincike da ƙwace haƙƙi daga wanda aka kama. Abin da kotu ta hana shi ne a yi wa kowa kuɗin goro saboda laifin wasu. Da wannan hujjar ce ma ta ka da Birtaniya a shari'ar iyalin Marbella: in kana zargin mutum, bincike shi shi kaɗai, kada ka ɗora neman biza a kan duk masu katin zama.

Inda maganar ta fi ɗaure kai shi ne kan masu fasfo biyu, kuma abin mamaki, wata McCarthy ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Shirley McCarthy a Birtaniya aka haife ta, a can ta yi duk rayuwarta. Ta auri ɗan Jamaika da ba shi da izinin zama. Da yake tana da haƙƙin zama 'yar Ailan, sai ta karɓi fasfon Ailan, ta ce a ɗauke ta a matsayin 'yar wata ƙasar Tarayya da ke zaune a Birtaniya, mijinta ya samu takarda. A Mayun 2011 kotu ta ce a'a. Ba ta taɓa ƙaura ba, don haka dokar 2004 ba ta shafe ta ba, fasfo na biyu kuwa bai isa ya maye gurbin ƙaurar ba. Ga mutum biyu masu suna ɗaya, masu fasfo iri ɗaya, ɗaya ya ci ɗaya ta faɗi, kuma bambancinsu kawai shi ne shi ya zauna a Sifaniya.

Birtaniya ta kama wannan hukunci da ƙarfi. A 2012 ta gyara ƙa'idojinta ta cire duk wanda ke da fasfonta daga cikin masu cin gajiyar dokar Turai, ta kuma kafa wa 'yan ƙasarta sharaɗin samun Fam 18,600 a shekara kafin su shigo da miji ko mata. Gyaran ya faɗa kan wata 'yar Sifaniya da ta je karatu Birtaniya a 1996, ta yi aiki, ta zama 'yar ƙasa a 2009 ba tare da ta ajiye fasfonta na asali ba. A 2014 ta auri Toufik Lounes, ɗan Aljeriya da bizarsa ta ziyara ta daɗe da ƙarewa. Hukuma ta ce tunda ta zama 'yar Birtaniya, ta yi asarar haƙƙin da take da shi tana baƙuwa. A Nuwambar 2017 kotu ta ce wannan ba daidai ba ne: mace ta ƙaura, ta zauna, ta saje da mutanen ƙasa har ta zama ɗaya daga cikinsu, ba za a hukunta ta a kan haka ba. A ganina wannan ne hukuncin da ya fi kusa da adalci a duk jerin, ko da yake shi ma bai taɓa matsalar irin su Shirley ba.

Matsalar kuwa tana nan daram, kuma tana shafar namu da suka zama 'yan ƙasa a Turai. Ɗan Kano da ya samu fasfon Jamus yana zaune a Hambug, in zai ɗauko amaryarsa daga gida, dokar Jamus ce ke kansa, wadda tun 2007 take neman matar ta nuna ta iya Jamusanci na matakin farko kafin a ba ta biza. Maƙwabcinsa Bafaranshe da ke aiki a gari ɗaya zai kawo tasa matar ba tare da jarrabawar harshe ba. Ɗan gida ya fi baƙo shan wuya a gidansa. Fasfon Najeriya ko na Nijar da ke aljihunsa ba ya ƙara masa komai a nan, domin na ƙasashen Tarayya kaɗai dokar ta sani. Tun Yunin 2024 Jamus ta halatta riƙe fasfo biyu ga kowa, don haka masu shiga wannan hali ƙaruwa za su yi. Mu ma dai ba mu tsira daga irin wannan bambanci ba, tunda sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya ba.

Yau amfanin katin zama wajen tafiya ya fi fitowa a Ailan da Saifurus, waɗanda ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, domin a cikin yankin kowace takardar zama tana ba da damar yawon kwana 90 cikin 180. Birtaniya kuwa, wadda akasarin shari'o'in nan a kanta aka yi su, ta fice daga Tarayya a Janairun 2020, dokar ta daina aiki a can a ƙarshen shekarar. 'Yan ƙasarta da ke son dawowa ta hanyar Singh an ba su zuwa 29 ga Maris 2022, daga baya aka rufe ƙofar. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin da ake so mutum ya riƙa samu kafin ya kawo iyalinsa daga Fam 18,600 zuwa Fam 29,000.