Ɗan riƙo mai wuyar hali da jinkirin girma

Ɗan riƙo shi ne yaron da ke tashi a hannun wanda bai haife shi ba, ko gwaggo ko kawu ko kaka, ko ma baƙo can da ya ɗauke shi saboda Allah. A Zamfara abin ya ƙaru sosai tun da 'yan bindiga sunka tada ƙauyuka a su Zurmi, Maradun, Shinkafi da Tsafe, gidaje da yawa a Gusau yanzu akwai maraya ɗaya ko biyu da anka kawo daga ƙauye. Wasu daga cikinsu suna zuwa da halin da ke gajiyar da mai riƙo: fitsarin kwance bayan shekara 5, firgita cikin dare, cizo, ƙarya, ɓoye abinci, rashin magana kan lokaci, ko a kai yaro makaranta shekara biyu bai riƙe ko baƙi ɗaya ba.

Matsayinsa a shari'a

Musulunci ya yarda da kafala, wato riƙo, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma bayan saukarta anka daina ce ma Zaidu ɗan Harisa "ɗan Muhammadu". Riƙo kaɗai ba ya sa ɗan riƙo ya ci gado. A ɓangaren gwamnati kuma akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, sai dai galibin riƙon da ake yi a nan da baki ne tsakanin dangi, ba kotu ba takarda.

Daga ina halin ke fitowa

Nan ne mutanenmu ke yawan kuskure. Da yaro ya fara gagara sai ka ji ana cewa jininsa ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko a ce shafar aljanu ce. Alhali yawanci abin yana da tushe da ake iya ganowa.

Babba daga ciki shi ne rabuwa. Jariri yana shaƙuwa da mutum guda da ke zuwa duk lokacin da ya yi kuka, to in anka raba su, sannan anka riƙa yawo da shi yau gidan gwaggo gobe gidan kawu, sai ya daina yarda da kowa. Likitan nan na Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan haka tun 1951. Daga baya a Bukares ta ƙasar Romaniya an bibiyi yara 136 na gidajen marayu, anka ba da rabinsu riƙo ga iyalai, sai aka ga waɗanda sunka samu uwar riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi saura kaifin ƙwaƙwalwa da shaƙuwa.

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara 6 da anka kawo Gusau bayan an kashe ubanta, kullum sai an tarar da lomar tuwo a ƙarƙashin tabarmarta har ya yi tsami. Ana ce mata ɓarauniya. Wallahi ba sata ba ce, yunwar da ta sha a hanya ce ba ta bar ta ba. Uwar riƙon ta ware mata ɗan kwano da murfi ta ce "wannan naki ne, ba mai taɓawa", ba a jima ba ta bari.

Sai kuma ciwo. Tamowa tun yaro yana ƙarami, sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, wahalar haihuwa, duk suna iya barin kurumta ko farfaɗiya ko jinkirin fahimta. Akwai galahanga, akwai lalurar rashin nutsuwa wadda mu muke ce ma ƙiriniya kawai. Zamfara kuma tana da nata na daban, gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin Bagega, Dareta da 'Yargalma, saboda niƙa dutsen zinare da ake yi a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani, amma maganin yana rage dalmar ne a jini, ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Duk yaron da anka kawo maka daga yankin haƙar zinare ka gaya wa likita haka, don da gwajin jini kaɗai ake gane ta.

Riƙon kansa

Duka ba ya gyara irin waɗannan yara, wanda ya ga an ƙone garinsu bulala sai dai ta ƙara firgita shi. Barazanar "zan maida ka inda ka fito" ta ma fi bulalar illa. Abin da ke aiki shi ne mutum ɗaya tsayayye da ba ya canzawa, lokacin ci da na kwana sananne, umarni gajere ɗaya bayan ɗaya, yabo nan take in ya yi daidai. Kuma kar a yi masa riƙon sakainar kashi, 'ya'yan gida suna boko da Islamiyya shi yana talla.

A fara da asibitin yara a duba ji da gani da jini, a Gusau akwai asibitin tarayya na FMC da asibitin Yariman Bakura, lamarin ƙwaƙwalwa kuma akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti.

Mai riƙo ma yana gajiya, musamman mace da aka ɗora wa ba shawara. Dangi su riƙa karɓarta ko na yini ɗaya ne. In kuma yaron irin wanda ba zai iya riƙe kansa ba ne ko ya girma, to in ba ya cikin magada, uban riƙo yana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ko ya ba shi kyautar gona ko ɗaki tun yana da rai, a gaban shaidu, a rubuta.